Ƙwayar Hana Gajiya: Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

 Yau ba zancen girki za mu yi ba, ba kuwa na ɗinki ba. Zancen wata 'yar ƙaramar aba za mu yi, wadda ba ta kai ƙwayar wake girma ba, amma in ta shiga gida tana iya watsa shi.

Kin dai san yadda fadamar Rima ta ke in rani ya yi. Tun daga bayan Birnin Kebbi har Argungu shinkafa ce kore shar, injunan ban-ruwa na ta ƙugi dare da rana. Tun da aka buɗe shirin ba manoma bashi a nan Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, noman rani ya ƙara yalwa, aiki kuwa ya yi yawa: ga dashe, ga cirar ciyawa, ga yanka, ga bugu, ga ɗaukar buhuna zuwa mota. Samarinmu na Nasarawa da sauran unguwanni su kan yi sammako su tafi ƙwadago, kuma sau da yawa gwargwadon aikin mutum gwargwadon kuɗinsa. To, a nan ne wani ya kan raɓo kusa da yaro ya ce masa, "Ga wata 'yar ƙwaya, in ka sha sai ka yi aikin mutum uku, ba gajiya, ba yunwa." Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa 'yan ƙwadago da direbobi da masu kabu-kabu a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin irin wannan tayi. Abin da ba su sani ba shi ne inda ƙarfin nan ya ke fitowa. Shi za mu duba, gama wanda ya gane wannan ba a ruɗinsa da sauƙi.

A cikin ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙananan jijiyoyi wajen biliyan 86. Abin mamaki, ba su haɗe da juna ba. Tsakanin kowace da maƙwabciyarta akwai ɗan rata, kamar lungun da ke tsakanin katangarki da ta maƙwabta. In wannan tana son ta gaya wa waccan magana, sai ta aiki ɗan aike ya ƙetare lungun. 'Yan aiken nan sinadarai ne, iri-iri ne kuma, ɗaya daga cikinsu likitoci ke kira dofamin. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya nuna a 1957 da 1958 cewa dofamin ɗan aike ne mai zaman kansa a ƙwaƙwalwa, aka kuwa ba shi lambar yabo ta Nobel a 2000 saboda wannan aiki.

Mene ne saƙon da dofamin ke kaiwa? Mutane su kan ce wai shi ne sinadarin jin daɗi, amma magana ba ta tsaya nan ba. Aikinsa ya fi kama da sa marmari da himma. Shi ke ce wa mutum, "Abin nan yana da amfani, tashi ka nema, gobe ma ka sake." In kika ji ƙamshin miyar kifi zuciyarki ta ɗauka, ko kika tashi da ɗokin zuwa suna, ko 'yar makaranta ta ƙosa ta ga sakamakon jarrabawa, da hannun dofamin a ciki. Har wa yau shi ke taimakon jiki wajen motsi, shi ya sa wanda jijiyoyinsa masu yin dofamin suka mutu ya kan kamu da ciwon karkarwa da sandarewa, wanda Turawa ke kira ciwon Fakinsan.

A 1954 waɗansu masana biyu a Kanada, James Olds da Peter Milner, suka sa 'yar siririyar waya cikin ƙwaƙwalwar ɓeraye, suka haɗa ta da wani ɗan maɓalli. In ɓera ya taka maɓallin sai lantarki kaɗan ya taɓa wani wuri a kansa. Sai ga ɓera ya manne wa maɓalli, yana ta takawa sau ɗaruruwa, har dubbai, cikin sa'a guda. Daga baya aka gane wurin nan yana kan hanyar da dofamin ke bi. Ki riƙe hoton ɓeran nan a ranki, domin za mu sake gamuwa da shi cikin tufafin mutane.

Allah ya tsara abin da ma'auni. Jijiya ta kan saki dofamin kaɗan, ya isar da saƙo, sa'an nan ya komo ta wata 'yar ƙofa a mai da shi rumbu don gaba. To, ƙwayoyin sa kuzari a nan su ke yin ɓarnarsu. Hodar iblis ta kan toshe ƙofar komowa, ɗan aike ya rasa hanyar gida, ya tsaya cikin lungu yana ta kwarara saƙo ɗaya. Amfetamin da yayansa metamfetamin sun fi haka mugunta: su kan kutsa har cikin rumbu, su kwaso ajiya, su watso ta waje ta ƙofar nan. Mai sha sai ya ji ya zama ingarma. Barci ya gudu, yunwa ta gudu, baki ya buɗe da surutu.

Amma fa ki lura, uwargida, ƙwayar ba ta kawo ko ƙwayar hatsi ɗaya daga waje ba. Ba abinci ba ce, ba ta ƙara jini, ba ta gina tsoka. Rumbun mutum ta fasa, ta ba shi abinsa ya cinye rana ɗaya. Gajiyar tana nan, jinta kawai aka hana shi. Manomin da ya daka irin shukarsa ya yi tuwo zai ƙoshi daren nan, ba shakka, amma ranar shuka tana zuwa. Haka mai shan nan: in ƙwaya ta sake shi sai ya zube, ya yi barcin kwana da yini, ya farka da baƙin rai da kasala, duniya ta yi masa salam kamar miyar da ba gishiri. Ita kuwa ƙwaƙwalwa, da ta ga ihu ya yi yawa, sai ta rage kunnuwan da ta ke sauraron dofamin da su, kamar yadda ki kan rufe taga in masu biki sun ƙure lasifika. Daga nan ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Abinci da hira da wasa da 'ya'ya, waɗanda dā ke faranta masa rai, duk su daina. Tun yana sha don ya yi aiki, har ya koma yin aiki don ya sha. Ga ɓeranmu nan da maɓallinsa.

Wata za ta ce, to goro fa, da shayi? Gaskiya ne su ma suna kore barci, amma hanyarsu dabam ce. Sinadarin da ke cikinsu, watau kafin, ya kan tare ɗan aiken da ke kawo labarin gajiya ne, ba ya fasa rumbun dofamin irin yadda waɗancan ke yi. Ban ce Kaka ta cika goro har zuciya ta riƙa bugawa ba, amma kada wani yaro ya ruɗe ki da cewa ƙwayarsa ai kamar goro ce. Tsakaninsu akwai nisa kamar tsakanin fitilar ƙwai da gobara.

Abin ba sabo ba ne a duniya. An fara harhaɗa amfetamin a Jamus a 1887, metamfetamin mai kama da ƙanƙara kuwa a Japan a 1919. A 1938 wani kamfani a Jamus ya fito da shi da sunan Pervitin, ana saye a kanti kamar alewa. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke aka raba wa sojan Jamus ƙwaya wajen miliyan 35 cikin 'yan watanni a 1940, don su yi tafiya dare da rana ba barci. Sojan Ingila da na Amurka da na Japan su ma an ba su irin tasu. Bayan yaƙi kuma sai abin ya juyo kan mata. A Ingila da Amurka, a shekarun 1950 da 1960, likitoci suka yi ta rubuta wa matan aure amfetamin, wai don rage ƙiba da kore kasala. Mata da yawa suka kamu ba su san sun kamu ba, tun da daga hannun likita abin ya fito. Sai da ɓarna ta bayyana ƙasashen duniya suka taru a Biyana a 1971 suka ƙulla yarjejeniyar tsare waɗannan magunguna. Har yau likitoci suna ba da waɗansu daga cikin danginsu ga masu waɗansu cututtuka, amma da awo, da takarda, da sa ido.

To, yanzu mu zo kan sabon salo, wanda shi ne ya sa na ɗauko wannan magana.

Doka ta kan hana abu da sunansa. Masu neman kuɗi ta haram suka lura da haka, sai suka ce, to, mu sake masa kama. Kin san yadda tela ke ɗaukar riga ya sauya mata wuya, ya ƙara aljihu, ta zama kamar wata? Haka masu harhaɗa sinadari ke yi. Su ɗauki sinadarin da aka hana, su ɗan sauya masa gefe guda, sai ya zama sabon abu wanda babu sunansa a littafin doka, alhali kuwa aikinsa a ƙwaƙwalwa yana nan, wani lokaci ma ya fi na asali tsanani. Sa'an nan su ƙunsa shi cikin 'yar leda mai ƙyalli, su rubuta wai "sinadarin bincike ne, ba don mutum ya sha ba", su sayar ta intanet, a aiko ta gidan waya. Rubutun nan ba don tausayin mai saye aka yi shi ba, don kauce wa alƙali ne.

Yawancin na sa kuzari daga cikinsu dangin katinon ne, watau sinadarin da ke cikin ganyen kat wanda mutanen Yaman da Habasha da Somaliya ke taunawa. Akwai mefedron, wanda aka yi ta sayarwa a Ingila da sunan takin fure har aka hana shi a watan Afrilu na 2010. Akwai MDPV, wanda aka sayar a Amurka da sunan gishirin wanka. A gwajin ɓeraye an ga ya fi hodar iblis ƙarfi ninki goma ko fiye. Da aka hana shi a 2011 sai ga ƙanensa, wanda suka laƙaba wa suna Flakka, ya cika asibitocin jihar Fulorida a 2014 da 2015 da mutane masu zafin jiki da hauka tuburan. Bai lafa ba sai da ƙasar Sin ta hana sinadarai 116 a tashi ɗaya cikin Oktoba na 2015. Ana hana wannan, wani na fitowa. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya lissafta sababbin sinadarai irin waɗannan fiye da 1,000.

Kalmar nan "bincike" ita ce ta fi ba ni haushi. Maganin kirki, kafin ya iso kemis, ya kan yi shekaru ana gwada shi, a san awonsa, a san illarsa ga hanta da ƙoda da mai ciki. Waɗannan kuwa ba wanda ya gwada yawancinsu a jikin ɗan Adam. In akwai bincike, to mai sayen shi ne ɓeran gwajin, kuma da kuɗinsa. Abin da aka rubuta a leda sau da yawa ba shi ne a ciki ba, na yau kuma ba lalle ya zama ƙarfinsa ɗaya da na jiya ba.

Ga abin da ya faru a Kalifoniya ta Amurka a 1982. Aka kawo waɗansu matasa asibiti sun sandare kamar itace, idonsu biyu amma ba sa iya motsi, ba sa iya magana. Wani likita, William Langston, ya bi sawu har ya gano sun yi wa kansu allurar wata hoda da wani ya harhaɗa a ɓoye don ta kwaikwayi maganin kashe zafi. Wajen dahuwa aka yi kuskure, sai wani sinadari mai suna MPTP ya fito a ciki, ya kashe musu jijiyoyin nan masu yin dofamin. Ciwon Fakinsan, wanda ya kan zo wa tsofaffi sannu a hankali cikin shekaru, ya kama su cikin 'yan kwanaki, bai kuwa sake su ba. Kuskuren tukunya ɗaya ke nan.

Kada ki ce wannan labarin Turai ne, ina ruwan Kabi. A 2011 hukumar NDLEA ta gano wurin dafa metamfetamin na farko a Nijeriya, a Legas. A watan Maris na 2016 ta gano wani babba a Asaba, har da mutum huɗu 'yan ƙasar Meziko da aka ɗauko don gwanintarsu. A 2021 ƙasar Ibo ta ɗauki kuka kan wannan ƙanƙara da su ke kira mkpuru mmiri, samarinmu kuwa su kan ce mata ais. A shekarar nan dai aka kama ƙwayar Captagon fiye da 450,000 a tashar jirgin ruwa ta Apapa, ita ma dangin amfetamin ce. Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Masu shan dangin amfetamin wajen 238,000 ne a lokacin, masu shan irin su taramol ba bisa ƙa'ida ba kuwa miliyan 4.6.

Shi taramol ba ɗan gidan amfetamin ba ne, maganin kashe zafi ne dangin ofiyom, ko da ya ke masu aikin ƙarfi na shansa don su daina jin ciwon jiki. Na kawo shi ne don ki ga dabarar telan nan ta riga ta iso ƙofarmu. Da aka matsa wa taramol da kodin a 2018, sai ga waɗansu ƙwayoyi sun cika kasuwannin Afirka ta Yamma da sunaye masu kama da nasa, irin su Tafrodol, alhali abin da ke ciki gamin wasu sinadarai biyu ne dabam, masu iya tsai da numfashi. Sai a watan Fabrairu na 2025, bayan BBC ta tona asiri, ƙasar Indiya ta hana yin wannan gami. Jiharmu kuwa tana iyaka da Nijar da Binin, hanyoyin fatauci a buɗe su ke tun zamanin kakanni. Abin da ya shiga kasuwa a wani wuri ba ya daɗewa bai iso faifan mai talla a tasha ba.

Akwai kuma wani haɗari da ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen sanyi. Ƙwayoyin sa kuzari suna ɗaga zafin jiki, suna sa zuciya gudu, suna matse hanyoyin jini, sa'an nan su hana mutum jin alamar cewa ya isa haka. Ki tuna da ranar watan Afrilu a fadama, sa'ad da ma'aunin zafi ke wuce 40. Mai lafiya in rana ta dafa shi ya kan nemi inuwa ya sha ruwa. Wanda ya sha ƙwaya ba ya jin wannan kira, sai ya yi ta yi har ya faɗi. Daga nan a kan sami ƙoda ta lalace, ko jijjiga, ko shanyewar ɓarin jiki, ko zuciya ta tsaya, ga saurayi ɗan shekara ashirin.

Ke kuma 'yar makaranta, naki tayin da wata siga zai zo. Ƙawa ce za ta ce ga abin da zai hana ki barci ki yi karatun jarrabawa, ko ga shayin rage ƙiba, ko a wurin biki a miƙo kwalbar lemo wadda an riga an buɗe. Game da karatu, ki sani cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Wadda ta kwana uku ido biyu za ta ji kamar ta haddace littafi, ta shiga ɗakin jarrabawa ta tarar allo a wanke. Magungunan rage ƙiba na bayan fage kuwa, an sha kama waɗansu a ƙasashe da dama da sinadaran da ba a rubuta a jikin kwalinsu ba. Duk abin da ba likita ya rubuta ba, ba shi da lambar NAFDAC, ko mai sayarwa ya kasa gaya miki sunansa na gaskiya, ki bar shi inda kika gan shi, ko da ƙawar ta ce ke baƙauya ce.

Uwargida, ke ce mai rabon tuwo, ke ce mai jin motsin ƙofa da dare, saboda haka ke za ki riga kowa gani. Yaron da dā ya kan side kwano ya nemi ƙari, yanzu tuwonsa na kwana. Ya rame, leɓe ya bushe, yana ta cizon haƙora, baƙin idonsa ya buɗe. Dare ya raba yana ta kai da kawowa, ko yana kwance rediyo yana ɗaurawa ba dalili. Bayan kwana biyu ya faɗi barci kamar matacce, ya tashi da faɗa. Kuɗin ƙwadago ba a ganinsu, 'yan kayan ɗaki sun fara ɓacewa. Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, gama zazzaɓi da damuwa su ma su kan hana ci da barci. Amma in sun taru, kada ki tsaya kunyar maƙwabta.

In abin ya yi nisa sai zargi ya shigo. Ya ce ana bin sa, ana zancensa a bayan katanga, an sa masa guba a fura, ko ya ji muryoyi, ko ya riƙa tsinkar fatarsa wai ƙwari na tafiya a ciki. A nan ne gida ya kan ce iska ce, ko sammu. Addu'a ba ta hana magani, a yi ta, amma a haɗa da asibiti, gama dofamin da ya yi ambaliya da rashin barci su kaɗai sun isa su kawo wannan, kuma sau da yawa ya kan lafa in an daina sha an sami kulawar likita. Duka da mari ba sa mai da dofamin rumbu. Mun dai ji irin halin da aka tarar da ɗaruruwan mutane a ciki sa'ad da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019.

Ki zaɓi lokacin magana. Ba sa'ad da ƙwaya ke kansa ba, ba kuwa gaban ƙannensa ba. Ki bari ya yi barci ya ci abinci, sa'an nan ki zaunar da shi, ke da mahaifinsa ko kawun da ya ke jin nauyi, a tambaye shi me ya ke sha, tun yaushe, wa ke ba shi. In mace ce, gwaggo ko yayar da ta yarda da ita ta fi kowa iya jawo bakinta. Har yanzu babu wata ƙwaya guda da aka tabbatar tana yanke jarabar waɗannan sinadarai, magani shi ne shawarar masana, da rabuwa da abokan sha, da sana'a, da haƙurin mutanen gida, domin a kan koma a sake dainawa. Makonnin farko su ne masu wuya, baƙin ciki ya kan yi nauyi har wani ya yi tunanin halaka kansa, don haka kada a bar shi shi kaɗai. Amma akwai labari mai daɗi. A 2001 wata likita a Amurka, Nora Volkow, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu shan metamfetamin, ta ga bayan sun yi fiye da shekara ba su sha ba, ƙofofin nan na dofamin sun farfaɗo ƙwarai.

In kuwa an kawo miki shi daga gona jiki zau kamar garwashi, yana sambatu ko yana jijjiga, to ba lokacin faɗa ba ne. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita. In ba ya cikin hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja ko wani jiƙo, gama zai iya shaƙewa. A nemi abin hawa nan da nan zuwa asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya da ke nan Birnin Kebbi, mutanen Argungu kuma babban asibitin garinsu. Don jinya mai tsawo akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Ki laluba aljihunsa da ƙarƙashin katifa, duk katin magani ko leda ko ragowar hoda da kika samu ki ƙulle a gefen zane ki tafi da shi, ki miƙa wa likita hannu da hannu, ki kuma gaya masa gaskiyar lokacin da yaron ya sha in kin sani.